Yarinyar da Ke Kusurwar Gilashi

Da masifa suka fara, ni kuwa ina wurin.

Ranar wata Talata ce, ƙanƙara ta gama narkewa a bakin kogin Drava, sai ga wani dogon saurayi ya shigo tsakar gidan ƙanena Florijan rungume da gilasai shida. Lovro ke nan, ɗan mai yanka gilashin taga na ƙauyen gaba. Tihana, 'yar Florijan ɗaya tilo, tana ganinsa ta yar da tsintsiya.

"Kai! Wa ya ce ka riƙe su ta tsakiya?"

"To ta ina ake riƙewa?"

"Ta gefe mana! Dubi yatsunka sun yi dama-dama a kai. Fenti ba ya kama wurin da maiƙon hannu ya taɓa. Taga ka ɗauka za mu sa?"

Ya ɗaga guda ɗaya saitin fuskarta wai zai duba yatsun. Bai ga yatsa ko ɗaya ba, ita ya gani. Ya tsaya sororo kamar an dasa shi, har sai da na yi gyaran murya daga bakin murhu.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta. Ta lambar odar gilashi ya bi, marar kunya.

"Na wanke hannuna sau bakwai. Gobe zan iya dawowa a duba?"

Ta rubuta masa: "Sarkin Yatsu, gilashi shida ka kawo, sun ishe mu wata biyu."

"Akwai na bakwai da na manta, 'Yar Masifa."

Gilashin nan na bakwai sai da ya yi wata biyar yana kawo shi.

A garinmu a bayan gilashi ake zane, a juyo shi a kalla ta gaba. Kowane gida akwai mai yi, amma Florijan ne babba, shekara arba'in yana wannan sana'a, ya kuma san shi ne babba. Lovro bai taɓa zama gaban malami ba, guntayen gilashin babansa yake tsinta yana ɓata su da fenti. Tihana ce ta zaunar da shi a rumfar masarata tana gyara masa hannu, ni ina ɓarzar masara ina jin su.

"Sunanka za ka fara sawa, a juye, a kusurwar ƙasa. Kowa haka yake yi. Sai ka ɗiga dusar ƙanƙara in zanen sanyi ne. Sannan idanu, sannan fuskoki. Sama ce ta ƙarshe."

"Me ya sa komai a baibai?"

"Don abin da ka fara sawa shi ke manne da gilashin. Duk abin da ya biyo baya, a bayansa zai zauna, ba zai taɓa rufe shi ba."

"Ko na yi kuskure?"

"Ko ka yi kuskure. Shi ya sa ake tunani kafin a fara, Sarkin Yatsu."

Ranar da Lovro ya sa farar riga ya zo gaida Florijan da maganar aure, ko kujera ba a ba shi ba.

"Wa ya koya maka zane?"

"Ba kowa, Baba. Sai ɗan abin da Tihana..."

"Ba kowa! 'Yata ta tashi cikin warin fenti, in ɗauke ta in ba mai sa taga? Je ka, in mun fasa gilashi za mu neme ka."

Na ce, "Florijan, kai wa ya koya maka? Ba shanu kake kiwo ba lokacin da ka fara?"

"Yaya Barica, ki fita daga maganar nan."

Na san abin da ke ransa. Akwai wani Dokta Radovan daga birnin Zagreb, mai sharhin zane, da ke zuwa da mota mai sheƙi da gyale a wuya ko ana zafi. Shi ke rubuta wa Florijan yabo a takardun baje koli, yabon da Florijan kansa ba ya gane rabinsa amma yana ajiye shi a aljihun gaba. Mutumin nan bai taɓa riƙe burushi ba, ko ƙofar kaji bai taɓa shafa wa fenti ba. Ya yi wa Tihana tayin aiki a Zagreb, kowa kuma ya san ba aikin kaɗai ba ne.

Da kaka ta yi aka buɗe baje kolin ƙauye a zauren taro. Lovro ya kawo zane guda, na farko da ya taɓa nuna wa duniya, ko Tihana ba ta gan shi ba. Tsakar gida ce cikin sanyi, dusar ƙanƙara na zuba. Wani tsohon zakara ya hau shinge ya baje wuya. A tsakiya wata mace mai jan ɗankwali ta juya baya tana watsa wa agwagi hatsi. Can ƙasa a kusurwar dama, 'yar mitsitsiya da ba ta fi babban yatsa ba, yarinya ce riƙe da tsintsiya, fuskar Tihana sak.

Radovan ya tsaya gabansa, ya ja baya, ya matso, ya tara jama'a.

"Zane ba ya ƙarya. Ku dubi zakaran nan, tsoho mai cika baki a kan shingen da ya ruɓe. Wane tsoho ne a garin nan ya hana matashin nan abu?"

Aka juya ana kallon Florijan. Kunnuwansa suka yi ja.

"Zuciyar mai zane kuma a tsakiyar zanensa take. Wace ce mai jan ɗankwali a nan?"

Wata mai ɗan baki ta ce, "Ljerka ta gidan burodi."

"Madalla. Ita kuwa wannan 'yar ta lungu, da ya gama komai ne ya ga fili ya rage, ya ɗan ɗiga ta don kada a ce ya manta. Cikon wuri ce. Ku duba, ko sunansa bai iya gamawa ba, ya bar shi guntu. Gaggawa ke nan da rashin tarbiyyar hannu."

Haba! Zauren nan cike yake da mutanen da suka tsufa suna zane a baibai, amma da yake mai gyale ne ya faɗa da manyan kalmomi, duk suka hau gyaɗa kai kamar awaki. Jan ɗankwali kuwa rabin matan garin suna da shi, a rumfa ɗaya muka saya, ni ma ga nawa a kaina. Abin da ya fi ƙona min rai Tihana ce. Yarinyar da ta koyar da ka'idar da bakinta, ta ji an ce "cikon wuri" a gaban mutane, sai idonta ya rufe. Ta fita da gudu ba ta ko matsa kusa da zanen ba.

Lovro ya bi ta da saƙo: "Matar tsakiya mahaifiyata ce, Allah ya ji ƙanta. Don Allah ki koma ki kalle shi da kyau, ke kin fi kowa sanin yadda ake kallo."

Ta mayar: "Na kalla, duk gari ma sun kalla. Ka je Ljerka ta ba ka burodi. Litinin zan tafi Zagreb."

"'Yar Masifa, minti ɗaya kawai a gaban gilashin."

Ta rufe lambarsa.

Na kwana biyu ina tafasa. Ranar Lahadi bayan coci na iske Florijan yana shan kofi, Tihana na ninke kaya a akwati, idonta ya kumbura.

Na ce wa Florijan, "Tashi mu je."

"Ina?"

"Ka je ka ga zakaran da aka ce kai ne. An zage ka a gaban gari, ko kallon zagin ba ka yi da kyau ba. Ko dai idon ne ya mutu, shi ya sa wani ke kalla maka?"

Wannan ta taɓa shi. Ya ɗauki tabarau biyu ya yi gaba yana huci. Na finciko hannun Tihana, ta ce ba ta zuwa, na ce ba tambayarta nake ba.

Mun tarar da Radovan a zauren yana yi wa wasu baƙi bayani. Lovro na can gefe ya zo sauke zanensa.

Florijan ya ɗora tabarau kan tabarau ya kusan manna hancinsa da gilashin. Zakaran ya fara dubawa.

"Wannan ai gurgun zakaranki ne, Yaya. Ga yatsan da tarko ya cire."

"Da wa ka zata? Wata biyar yana kallonsa a rumfata."

Ya bi dusar da ido, ɗigo ɗigo. Ta sauka a kan zakara, ta sauka a kan agwagi, ta sauka a jan ɗankwali. Da ya iso kusurwar ƙasa sai ya tsaya. Ya cire tabarau ɗaya ya goge ya mayar.

"Tihana, zo nan. Ƙirga min dusar da ke jikin yarinyar nan."

Ta matso da ƙyar. "Babu, Baba."

"Ko ɗaya?"

"Akwai rabin ɗigo a bakin ɗankwalinta. Sauran rabin ya..." Ta ƙura wa wurin ido.

"Ya shiga bayanta. To karanta min sunan."

"L, O, V, R..." Ta kai yatsa kusa da gilashin ba ta taɓa ba. Harafin ƙarshe yana nan, gefensa kaɗai ya leƙo daga bayan siket ɗin yarinyar.

Radovan ya ce, "Abin da na faɗa ke nan, ya ɗora ta a kan sunan daga baya..."

Florijan ya juyo. Tun muna yara ban ga ya fusata haka ba.

"Daga baya? A gilashi? Dokta, shekara nawa kana rubutu a kaina?"

"Goma sha ɗaya."

"Shekara goma sha ɗaya ina ba ka kofi da cuku a gidana, ashe ba ka san ta wane gefe nake zane ba! Wannan ba zanen kan ƙyalle ba ne. Abin da ke gaba shi aka fara. Yaron nan ya ɗauki gilashi fari tas, kafin dusa, kafin sunansa, ya zana ta. Ya jira ta bushe, sannan ya kawo sunansa ya sa a bayanta."

Ya rage murya.

"Ni shekara arba'in sunana nake fara sawa. Ko uwarta ban taɓa sa ta a gabansa ba."

Masu gyaɗa kan shekaranjiya suka hau cewa ai su dama sun lura. Tir! Radovan ya duba agogo ya tuna yana da taro a Zagreb, ko sallama bai tsaya yi ba.

Tihana ta juya wajen Lovro, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Ke kika koya min. Kunya na ji in koya miki."

"In da hannunka ya goce fa? Ba a gyarawa."

"Na yi tunani kafin in fara, kamar yadda kika ce."

Ta kai masa duka a kafaɗa tana kuka tana dariya. "Sarkin Yatsu, ka yafe min."

"Sai kin buɗe lambata."

Florijan ya gyara murya. "Kai, mai taga. Agwagin nan naka kamar buhunan gari suke, ƙafa ma uku ka yi wa ɗaya. Gobe da safe ka zo in nuna maka." Ya yi taku biyu ya tsaya. "Ka taho da babanka. Akwai kujeru."

A watan Janairu aka ɗaura auren. Na yi kwana uku ina murza ƙullu, Ljerka ta gidan burodi ce ta kawo kek, da jan ɗankwalinta kuwa, don ta ƙular da masu baki. Florijan ya kama hannun 'yarsa ya damƙa wa Lovro a gaban Fada, limamin cocinmu, ya ce, "Ga ta. Inda ka sa ta, ka bar ta a nan."

Muna fitowa daga coci dusa ta fara zuba. Ta sauka a hular Florijan, ta sauka a kaina, ta sauka a mayafin amarya. Lovro ya sa hannu yana kakkaɓe mata ɗaya bayan ɗaya, da gaske yake yi, har mutane suka fashe da dariya.

"Bar ta mana, ai ba za ka iya da sama ba," in ji Tihana.

"Zan dai gwada, 'Yar Masifa."

Zanen yana rataye a ɗakinsu yanzu, gurgun zakarana kuma a miyar biki ya ƙare. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa yadda ya fara da ita ya ƙare da ita.