Tef a Wuyan Tela

Ranar wata Laraba ce, hadari ya haɗu tun safe ya ƙi zuba, kamfanin ɗinkinmu ya zama kamar murhu. Kowa a layinmu yana son barin aikin. Ƙurar yadi ta cika mana ƙirji, baya ya ƙage, ko fitsari sai shugaban layi ya ba ka izini. Ni da na bar makaranta don ba na iya zama wuri ɗaya, ga ni an dasa ni a kan keke.

Wanda ke gefena muna kiransa Dogo. Wuyan riga kawai yake ɗinkawa, shekara da shekaru. Ranar ya tashi ya ce ya gaji da yi wa wani arziki, in raka shi wurin wani boka.

Ɗakin bokan ba taga. Ƙwarya cike da allurai masu tsatsa, jan ƙyalle a bango, ƙaurin gashi yana tashi daga kasko. Ya tsoma tef ɗin awo cikin wani baƙin ruwa, ya miƙa wa Dogo yana ɗiga. Ya ce duk yadin da aka auna da shi, kasuwa za ta yi rububinsa.

"Nawa zan biya, Baba?"

"Ba yanzu ba. Yadi kawai za ka auna."

Na sa baki na ce, "In aka auna mutum fa?"

"To, ni aka auna wa, ya zama nawa."

Dogo ya yi dariya, ya ce shi da bai taɓa ɗinka riga sukutum ba, wa zai auna?

Kafin shekara ya buɗe nasa kamfanin. Rabin layinmu suka koma wurinsa, mota ta zo, gida ya tashi. Ni ma na so bin su, amma warin ɗakin nan ya ƙi barin hancina.

Sai dai tela tela ne: tef a wuya yake kwana. Wata rana ya dawo gida a gajiye, barci ya kwashe shi a kujera. 'Yarsa ƙarama ta zare tef ɗin tana wasan tela. Ta auna ƙaninta, ta auna kakarta, ta ce wa uwarta, "Mama, ɗaga hannu, zan yi miki ta gayu." Uwar ta ɗaga tana dariya.

Yaron ne ya fara rasuwa, sai tsohuwa, sai matar. Ba wanda ya yi ciwon kirki. Yarinyar ta daina magana. Dogo ya koma wurin boka, ya tarar da kango.

Yanzu yana yawo a bakin ƙofar kamfaninmu da igiya a wuya, yana roƙon masu wucewa su tsaya ya gwada su.

Har gobe ina son barin aikin nan, kuma zan bar shi, amma da ƙafata, ta ƙofar da na shigo. Wanda kwaɗayi ya ja shi ɗakin da ba taga, ya sani ba kyauta ake bayarwa a can ba. Dogo ya rasa ɗa, ya rasa uwa, ya rasa mata, ya rasa muryar 'yarsa, ya rasa hankalinsa.