Fanel ɗin da Sagiru ya dafa

Ku matso. Hindatu, rage muryar rediyon nan.

Sagiru ɗan maƙwabtanmu ne, mai gyaran fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa injina, a bayan kasuwar 'yan waya. Akwai 'yar baƙar ƙwaƙwalwa a jikin kowane fanel. Shi ba ya cire ta. Wayoyi yake jona mata daga kwamfuta, ya goge abin da ke ciki, ya zuba sabo.

Wata Juma'a da tsakar rana kowa ya tafi masallaci, layin shagunan ya yi tsit. Shi ya tsaya ƙarasa aiki. Sai ga wani tsoho a tsaye, babu sallama. Fanka na kaɗawa, rigarsa ba ta motsi.

Tsohon ya ajiye wani fanel mai sanyi kamar daga rijiya aka tsamo shi.

"Duba min."

Bakinsa ya riga ya rufe kafin maganar ta fito.

Sagiru ya jona wayoyi. Kwamfuta ta ce ba ta ga komai ba. Ya sauya kebul, ya kankare tsatsa, ya sake jonawa. Shiru. Ya ɗora mitar awo, ta nuna wuta, alhali bai ba fanel ɗin wuta ba.

"Baba, daga wane inji aka ciro wannan?"

"Waya ɗaya ta rage. Dafa nan da yatsanka."

Ya dafa. Nan take kwamfuta ta gani. Wani layi ya fara cika a fuskarta, shi kuma bai danna komai ba. Ya ja yatsa, ya ƙi fita. Sunan 'yarsa ya fara ɓace masa. Sai hanyar gida. Sai Fatiha.

Layin kwamfutar ya cika. Tsohon ya ɗauki kayansa, ya ce, "Sannu da aiki." Da muryar Sagiru ya faɗa. Da ya juya, kofatai ne ke buga siminti.

Masu dawowa daga masallaci suka same shi zaune, yawu na zuba. Har yau yana raye. Mahaifiyarsa ke ba shi abinci a baki, yana kallonta kamar baƙuwa. Amma wani lokaci takan ji muryarsa a bayan katanga, lafiya lau, tana cewa, "Inna, buɗe min." Ɗanta kuwa ga shi kwance a gabanta.

Sau biyu ana kamo ta a bakin ƙofa za ta buɗe.

Kada ɗayanku ya zauna shi kaɗai a layin shagunan nan in an watse. Wanda ya ce ka dafa, dubi ƙafarsa tukuna.