Tsarin da Ba'ana Ya Bari

Kwana uku da fitar Fanna daga takaba, tana tsugune a tsakar gida tana wanke wa 'yarta Muhsinat ƙafa, sai ga Hashim, ƙanin mijinta dillalin filaye, ya shigo da wani mutum riƙe da igiyar awo. Ko amsar sallama ba su jira ba! Mijinta Ba'ana ya tafi yankan shinkafa a Zabarmari ne mutanen daji masu tayar da ƙayar baya suka tare su, gawarsa aka kawo mata a bayan mota, har yanzu idonta bai bushe ba, amma ga wasu suna auna ɗakin da aka yi masa wanka. Mutumin ya tsaya gaban tsagar da bango ya yi tun shekarar da bam ya tashi a bayan layinsu na Lamisula, ya zura yatsa, ya girgiza kai.

"Wannan ai kango ne," in ji shi. "Ba zai ga ƙarshen damina ba. Ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara."

"Kin ji ko, Ya Fanna?" Hashim ya ce da murya mai laushi. "Ga kuma harajin fili da marigayi bai taɓa biya ba, gwamnati na shirin ƙwacewa. Amma an ce za a yafe wa matan da aka kashe mazajensu. Dangwala nan kawai."

Fanna ba ta yi boko ba. Ta ba shi babban yatsanta, har tana sa masa albarka... Wayyo, baiwar Allah! Bayan mako guda ta dawo daga ɗiban ruwa ta tarar da tabarmarta da tukwanenta a kan titi, Muhsinat na zaune a kansu tana ihu. Tulun ya suɓuce daga kanta ya fashe.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Hashim, mene ne wannan?"

"Gidana nake gyarawa. Kin sayar mini da rabonki na gado da na 'yarki, ga yatsanki nan a takarda."

"Ni? Yaushe? Ka ji tsoron Allah, marainiyar ɗan'uwanka ce fa!"

Sai ya matso kusa da ita, ya rage murya. "Ki ƙara ɗaga murya, in je in ce kina aika wa mutanen daji abinci. Kin san sauran."

Ta jawo Muhsinat jikinta. A shekarun nan kalma ɗaya irin wannan ta isa a ɗauke mutum a daina jin labarinsa. Maƙwabtan da suka leƙo suka mayar da ƙofofinsu a hankali. Tana tattara kaya Hashim ya fizgo wata laya mai faɗin tafin hannu da ke rataye a saman ƙofar ɗaki, ya jefe ta da ita yana dariya. "Haɗa da tarkacenki, za a yi fenti!" Ta ɗauka ta rungume, domin ranar da Ba'ana ya kawo layar cewa ya yi, "Fanna, wannan shi ne tsarinki da na yarinyar nan. Kada ruwa ya taɓa shi, kada ki ba kowa."

Haka Fanna, haifaffiyar nan garin Yerwa, ta koma kwana a wani ginin da ba a gama ba tare da 'yan gudun hijira. Ta je a rubuta sunanta cikin masu karɓar tallafi, aka ce ke 'yar gari ce, ba ki cancanta ba. Ta koma wajen dangin miji, suka ce ai ke kika sayar. Damina ta sauka a kansu ba rufi, zazzaɓi ya kwantar da Muhsinat har gashinta ya zube. Fanna ta sayar da ɗankunnen aurenta ta sayi magani, ta kama suyar awara a bakin Kasuwar Litinin, ta dafa layar a ƙirji tana cewa, "Ya Allah, Kai ne gatan wanda ba shi da gata..."

Shi kuwa Hashim ya san abin da ya hango. Ƙungiyoyin agaji sun cika gari, kuɗin haya ya haukace. Ya sayar da gidansa da shagonsa, ya zuba duka a gidan Ba'ana. Aka haƙa rijiyar burtsatse, aka shimfiɗa tayil, aka ɗaga katanga da waya a kai, aka jera farantan sola. Ranar da Fanna ta bi ta layin sai da ta wuce gidan ba ta gane shi ba. Muhsinat ce ta ja zaninta ta ce, "Inna, ga bishiyar lemon Babana can." Nan ta durƙusa a gefen kwata tana kuka kamar ranta zai fita!

Shekara biyu aka yi a haka. Wata rana da hantsi wata mata mai tabarau ta tsaya a kan kaskon awararta.

"Wushe, sannu Mama. Ke ce Fanna matar Ba'ana? Sunana Phoebe Dzarma, aikina ƙiyasta darajar gidaje. Wata ƙungiya ce za ta kama haya a Lamisula, suka turo ni in duba. Na je ofishin filaye, sai na ga abin da ya ɗaure mini kai. Sunanki ne a fayil ɗin gidan da za su kama, kuma an biya haraji duk shekara har zuwa rasuwar mijinki."

Matsamin ya faɗi daga hannun Fanna. "An biya? Sunana? A'a, 'yar nan, kin yi ɓatan kai..."

"Bai bar miki wata takarda ba?"

"Babu abin da ya bar mini sai wannan tsarin." Ta zaro layar daga wuyanta.

"Wane malami ya rubuta masa?"

"Ban sani ba. Ranar da ya dawo daga sakatariya ya biya wajen baduku aka ɗinke."

Phoebe ta cire tabarau. "Daga sakatariya? Mama, bari mu buɗe."

"Subhanallahi! Wa ya taɓa buɗe laya? Ai karyewa za ta yi!"

Da ƙyar ta yarda, sai da suka je wajen limamin unguwa ya yi bisimilla ya farke ɗinkin da reza. Ba aya a ciki, ba hatimi. Takarda ce a naɗe cikin leda, da tambarin hukuma da sa hannun Bulama mai unguwa da shaidu biyu, cewa Ba'ana ya ba matarsa Fanna gidan kyauta tun yana da rai. Liman ya karanta, ya sake karantawa. "La'ilaha illallahu! Ai gidan nan bai taɓa shiga gado ba!" Fanna ta karɓi takardar da hannu biyu. Shekara biyu tana kwana a ruwa da gidanta rataye a wuyanta!

A kotu mutumin nan mai igiyar awo ya tona komai, ashe birkila ne Hashim ya ɗauko haya. Alƙali ya ce rabon gado Hashim ya ce ya saya, gadon kuwa babu shi, yatsan ma da yaudara aka karɓa.

"Ranka ya daɗe, to ginin da na yi fa? Burtsatsena? Gidana na sayar!"

"Wa ya aike ka gini a filin mutane?" in ji alƙali. Ya yanke masa ɗauri, ya mayar wa Fanna gida da duk abin da ke cikinsa.

Ana fita da shi ya zube gabanta. "Ya Fanna, ki dubi zumunci..."

Ta dube shi hawaye na zuba. "Da hannunka ka jefo mini tsarin nan, Hashim. Da ka bar shi a ƙofa, da masu fenti sun ƙone shi."

Ta ba ƙungiyar hayar sashen gaba, ta sa Muhsinat a makaranta, ta ce sai yarinyar nan ta iya karanta duk takardar da aka miƙo mata. Ranar da suka tare, ta nemi ƙusa ta mayar da fatar layar saman ƙofa, ba komai a cikinta. Ta daɗe tana shafa ta.

"Ka faɗa mini gaskiya, Ba'ana," ta ce. "Ni ce ban gane ba. Allah Ya tsare ka a kabarinka yadda ka tsare mu."