Mayafin Inna Maimuna

Dija tana tankaɗe a tsakar gida sai ga sallamar Maharazu, saurayinta, a zaure. Ta fita da fara'arta, amma tana ganin fuskarsa ta san da magana.

"Baba ya ce ba a ɗaura aure sai an yi miki jarfa a wuya," ya faɗa kansa a ƙasa. "Shi da kanshi za ya yi."

Mahaifinsa, Bakari, shi ne babban wanzamin garin Cadawa, kuma duk amaryar da za ta shiga gidansa sai ta ɗauki zanen askarsa. A shekarar nan ta samun mulkin kai kuwa, 'yan mata layi suke yi a rumfarsa ran kasuwa.

"Komi zan yi maka, ban da wannan."

"Don mi? Ni da na yi lakol, karatun boko, ma ban raina sana'ar gidanmu ba!"

Hawaye suka zubo wa Dija. Dalili kam tana da shi, sai dai sirrin uwarta ne. Inna Maimuna ba ta taɓa fita ba sai da mayafi naɗe a wuya, ko da rana na ƙuna, har mata suna ce mata mai girman kai. Dija kaɗai ta san abin da ke ƙasansa.

Kafin kasuwa ta zagayo, zance ya gama gari: ɗiyar Maimuna ta raina wanzamai! Ƙawaye suka yi ta zolayarta a bakin rijiya. Dija ta rame, amma ko sau ɗaya ba ta buɗe baki ba. Ina za a samu yarinya mai zurfin ciki haka?

Rannan Bakari ya zo da kansa karɓar kayan auren ɗansa, zabirar askarsa a kafaɗa. Inna ta fito zauren, Dija na biye da ita, ta durƙusa suka gaisa.

"Ɗiyarki ta ci mutuncin askata, Maimuna."

"Yarinyar nan ba ta da laihi. Mutuncina take karewa."

"Inna, don Allah kar ki..." Dija ta riƙe mata hannu.

Inna ta zame hannunta, ta warware mayafin. Tun daga ƙasan kunne har ƙirji nama ya tsiro curi-curi, baƙi, yana sheƙi.

"Ka gane aikinka? Ran kasuwa ne, ina budurwa. Da aska guda ka yi mana jarfa, mu 'yan mata duka, ka shafa baƙin tukunya. Wuyan ya kumbura, ya ruɓe, zazzaɓi ya kusa kai ni kushewa. Da ya warke sai ya bar mini wannan. Jinina ne a jikinta, Bakari, abin da ya same ni zai iya samunta."

"Innalillahi!" Bakari ya zauna daɓas a ƙasa. "Ba wanda ya taɓa gaya mini."

"Wa zai gaya maka? Mai kyau ka ke gani, wadda ta lalace ɗaka take ɓuya."

Ya daɗe yana kallon zabirarsa, sannan ya ɗaure bakinta.

"Aski da ƙaho zan ci gaba da yi, amma jarfa na bar ta daga yau. Dija, ki gafarce ni, ɗiyata."

Bayan girbi aka ɗaura aure, amarya ta shiga gidan wanzamai da wuyanta sumul, Maharazu sai washe baki yake yi. Haƙuri da riƙon sirrin iyaye ba sa faɗuwa ƙasa banza, kuma adon da zai ci lafiya ba ado ba ne. Ranar kai amarya, Inna Maimuna ce a gaba, mayafinta a kafaɗa.