Wankan Baffa

"A sake ɗaga auren, Safara'u? Haba masoyiyata... sai yaushe?"

Ba ta ɗago ta dube shi ba. Hannayenta duk kumfar wanki, idanunta jajur don rashin barci. Muntaka ya bar keke napep ɗinsa a ƙofar gidansu da ke Kiyawa, ya tsaya a zaure kamar wanda aka zare wa laka.

"Yaya Muntaka, in na tare, in bar wa wa Baffa?"

Baffa, mahaifinta, ya watsar da maganin hawan jini da ya ji ciwon kai ya lafa. Rannan ya yanke jiki ya faɗi a bakin garke, ɓarin damansa ya shanye. Inna ta daɗe da rasuwa, ƙannenta mata ne ƙanana. Ita ce girki ba gishiri, ita ce murza masa yatsu yadda masu gashin ƙashi a asibitin Dutse suka koya mata.

"Abinci yana karɓa a hannuna, magani ma haka. Amma wanka... Da na shiga da bokiti sai ya juya wa bango fuska, ya damƙe wuyan rigarsa da hannun mai lafiyar. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ya faɗa, ina zai yarda in tuɓe shi? Bayansa ya fara gyambo! Wallahi na gaji, Yaya... na gaji."

"Dangi fa?"

"Sun zo da lemo da addu'a, sun koma."

Muntaka ya dubi bokitin da ke gefenta. Shi da in ya hango Baffa a hanya, tun daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa, bai taɓa haɗa ido da shi ba. A hankali ya kwance agogonsa, ya naɗe hannun riga.

"Miƙo bokitin."

"Ka yi hauka ne? Surukinka ne fa! Gobe a tasha da kai za a karya kumallo!"

"Su ci lafiya."

Ta bi bayansa. Ya yi sallama, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin.

"Baffa, Muntaka ne. Na bar surukuta a zaure. Ɗanka ne ya kawo ruwa."

Baffa ya damƙe wuyan rigarsa, har Safara'u ta fidda rai. Hawaye ya gangaro ta gefen karkataccen bakin tsohon. Sannan yatsun nan suka saki wuyan rigar, ɗaya bayan ɗaya.

Safara'u ta toshe baki da mayafi, ta zame jikin bango.

Kafin ya saki labule, Muntaka ya waiwayo, ya ɗaga murya yadda Baffa zai ji.

"Ba za a ɗaga ba, Safara'u. Ranar da aka sa za a ɗaura. Ke yi zamanki, ni zan tare a gidan nan. Wankan Baffa nawa ne daga yau!"