Zuciyar Zakari da Hayaƙin Wiwi

Maijidda na tsakar gida tana tankaɗen garin masara, mijinta Zakari ya shigo fuska a murtuke. Ba ta tambaya ba. Ta san daga wajen yayansa Sale yake, kuma rigimar gonar gadonsu ta Badafi ce.

"Sannu da zuwa, maigida. Zauna in kawo maka ruwa."

"Ki bar shi. Kaina zai fashe."

Ya ɗaga katifa ya zaro ƙullin takarda, ya zagaya bayan ɗaki. Ba a jima ba warin wiwi ya cika gidan.

Auren soyayya suka yi a nan Yako, inda yake gyaran babura. Mutum ne mai tausayi da kyauta, sai dai tun yana yaro zuciya gare shi. Magana ɗaya sai ta kwana uku tana cin sa, ba ya faɗa, ba ya mantawa. Abokinsa Mudi ne ya fara miƙa masa, wai tana sauke tenshan.

Duk sanda ta roƙe shi ya bari, sai ya ce, "Mudi ma yana sha, ga shi nan garau."

"Mudi ko zaginsa aka yi dariya yake. Kai kuwa ɓacin rai kake gudu, kuma in ta sake ka yana nan yana jiranka."

Naɗi ɗaya ya koma biyar. Zargi ya shige shi, ko mutum biyu ya gani suna hira sai ya ce da shi suke. Mahaifiyarsa ta ce sammu ne, aka yi ta turare da rubutu.

Ranar wata Laraba da hantsi labari ya zo cewa Sale ya shuka gonar. Zakari ya sha ya ƙara, ya fito idanu jawur, ya sunkuci 'yarsu Salamatu mai shekara uku ya ɗora a tankin babur.

"Kashe min ita za su yi. Sai na ɓoye ta."

Maijidda ta bi shi da gudu ba mayafi. Bai kai ƙarshen gari ba ya daki kwalbati. Ƙafar yarinyar ta karye wuri biyu, shi kuma aka same shi zaune a kan titi yana surutai.

Washegari mahaifinta Malam Ɗanasabe ya iso daga Burumburum.

"Tattara kayanki. In ya dawo hayyacinsa ya rubuta miki takarda, auren nan ya ƙare."

Ta durƙusa tana kuka. "Baba, zan bi ka, don ba zan sake barin yarinyar nan kusa da shi a haka ba. Amma kada a tsinke igiyar. Mara lafiya ne, a kai shi asibiti."

Malam Ɗanasabe ya ce, "Shekara guda na ba shi. In bai gyaru ba, kada ki ƙara yi min maganarsa."

Aka kwantar da shi a wani asibitin ƙwaƙwalwa a Kano. Duk mako biyu Maijidda takan shiga motar haya ta je. Likitar ta ce mata, "Wiwi ba ta da kirki ga kowa, amma ta fi kama mai saurin fushi da mai haɗiye damuwa. Raba shi da ita rabin aiki ne. Sai ya koyi zama da ɓacin rai ba tare da ya gudu ba."

Bayan an sallame shi ya sake komawa shan wiwi sau ɗaya, dangi suka yi wa Maijidda ca. Da ƙafarsa ya koma asibitin. Sai da wata goma sha ɗaya ya cika Malam Ɗanasabe ya yarda ta koma ɗakinta.

Ƙafar Salamatu ba ta miƙe ba. Ranar da za ta fara makaranta ta tsaya a zaure ta ce, "Baba, me ya sa ni kaɗai nake ɗingishi?"

Maijidda ta tsura wa Zakari ido. Ya zauna a ƙasa, ya ja numfashi.

"Ni na kayar da ke, Salamatu. Ki yafe min."

Ya juyo ya ce, "Maijidda, ƙirjina zafi yake. Zauna kusa da ni har ya wuce."

Ta zauna. Ya yi kuka mai isarsa, sannan ya goya 'yarsa ya kai ta aji.

Haƙurinta ya dawo mata da miji, amma bai dawo wa yarinya da ƙafa ba. Mai zafin zuciya ya nemi wanda zai faɗa wa damuwarsa tun da wuri, domin hayaƙi ba ya kashe wuta, rufe ta kawai yake yi har ta cinye gida.