Turaren da Na Kunna a Otal Seri Camar

Ranar Alhamis ce, gab da magariba, na sauka sayo wa yara abinci a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, da ke bakin layinmu a unguwar Wangsa Maju ta Kuala Lumpur. Na yi tapau ɗin shinkafa uku, wato ƙunshin tafi-da-gidanka, na juyo. Ina shiga lif ɗin gidanmu na ji ƙamshin turaren wutata.

Na san shi sarai. Haɗin Maiduguri ne, yayata ta aiko min. Amma sati uku ke nan ban kunna shi ba, kuma akwai dalili.

Sashen da mijina Tajuddeen yake koyarwa a jami'a ne ya yi taro a wani tsibiri, na bi shi. An sauke mu a Otal Seri Camar, farin gini mai hawa biyu a bakin teku. Tun kafin yaƙin duniya na biyu aka gina shi. Daɓensa baƙin katako ne mai sheƙi, fankoki masu dogayen fukafukai na juyawa a hankali. Bangon zauren cike yake da tsofaffin hotuna: attajiran kuza da fararen kwat, mata da dogayen riguna, makaɗa a bayan fiyano. An ce a da, jirgin ruwa na musamman ke kawo masu rawa duk Asabar. Na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ina karanta shekarun, don haka nake.

Ɗakinmu yana ɓangaren gabas, yana kuma warin danshi. Ni kuwa ba na tafiya ba kasko da gawayi. Ina fito da su mai gyaran ɗaki ta shigo, wata tsohuwa, Mak Cik Rohani, wato Inna Rohani. Shekara arba'in tana aiki a nan.

"Puan, ba a hayaƙin ƙamshi a wannan ɓangaren," ta ce, Puan ɗin kuwa uwargida ke nan a yarensu. "Balle da magariba."

"Saboda gobara? Zan kula, Mak Cik."

"Ba gobara ba lah." Ta rage murya. "Akwai waɗanda suka riga otal ɗin zama a tsibirin nan. Sun ga rawar, ta burge su. Mai otal na farko ya yi sulhu da su, in an kunna turare da magariba, to an buɗe musu zauren ke nan. Tun bayan yaƙi aka daina. Har yau suna jira."

Na yi murmushi. Ina da digiri biyu. Tana fita na hau kujera na rufe na'urar gano hayaƙi da hular wanka, na kunna abina.

A yammacin nan an ji fiyano a zauren da ke kulle. Ni ma na ji, na firgita, na ture kaskon. Garwashi ya ci daɓen, ya bar tabo kamar tafin hannu.

Da safe manaja ya zo duba tabon. Abokan aikin Tajuddeen suna tsaye a baranda. Abin da ya zo min a rai shi ne kada a ce 'yan Najeriya ne. Sai na ce haka na tarar da tabon. Na ƙara da cewa na ga mai gyaran ɗaki ta shigo da wani abu a hannu.

Tana tsaye riƙe da tawul. Ta dube ni. Kafin mu hau jirgin komawa an sallame ta.

Wannan ne turaren da nake ji a lif.

Na danna sha bakwai. Ni kaɗai ce. Lif ya ɗaga. Biyar. Shida. Bakwai. Sai lambar ta mutu.

Ƙamshin ya yi kauri, wani wari ya shigo ƙarƙashinsa: gishiri, da ruɓaɓɓiyar ciyawar teku. Kuala Lumpur ba ta da teku.

Lif ya tsaya. Ƙofar ta buɗe.

Baƙin katako. Dogon lungu. Fankoki na juyawa. Can ƙarshe fiyano na tafiya a hankali, maɓalli ɗaya na maƙalewa.

Suna tsaye a jere a jikin bango, da fararen kwat da dogayen riguna, gefen kayansu na ɗigar ruwa. Ɗis. Ɗis. Fuskokinsu na cikin hotunan nan ne, amma kamar wanda ya kwaikwayi fuskar mutum bai ƙarasa ba. Ba mai ƙiftawa.

Wani dogo ya tako. Kansa na gogar fanka. Ya sunkuyo, ya yi magana da raɗa, kuma da Hausa.

"An ce mana tsohuwar ce ta kira."

Na ƙanƙame ledar abinci.

"Sati uku muna ƙofarta. Ba ta buɗe ba. Yau za mu shiga." Ya karkata kai. "Sai dai in ba ita ba ce."

Ina so in rubuta cewa nan take na amsa. Ban amsa ba. Na dubi maɓallin rufe ƙofa. Na tuna yarana suna sama suna jiran abinci. Na ce a raina ai ta saba da su, ita ta san yadda za ta yi. Har yatsana ya kai kan maɓallin.

Dogon ya fara juyawa. Sauran ma suka juya, gaba ɗaya, kamar an ja su da zare.

Na ga tsohuwar ita kaɗai a bayan ƙofa.

"Ni ce."

Fiyano ya tsaya.

"Ni na kunna. Ta hana ni. Ƙarya na yi mata."

Suka waiwayo.

Na kama Ayatul Kursiyyu, harshena na harɗewa. Suna tahowa. Ba ƙarar taku, sai ɗigar ruwa. Ina dukan maɓallin. Hannu ya miƙo, dogo, ya kama gefen hijabina. Sanyinsa ya ratsa har wuyana.

Daga masallacin unguwa ladan ya ɗaga murya.

Hannun ya saki. Ƙofar ta haɗe.

Sha bakwai.

Na faɗo waje a kan gwiwoyina. Hijabina ya jiƙe sharkaf. Da 'yata Khaulah ta buɗe shinkafar, ta kai loma ɗaya ta tofar. Gishiri zalla.

Bayan sallah na zaunar da Tajuddeen na faɗa masa komai, tun daga hular wanka. Bai yi faɗa ba.

"Raudatu, tsohuwa fa," ya ce. "Sa'ar Hajiya, mahaifiyata."

Da ma zagina ya yi.

Washegari na kira manajan, na kuma rubuta masa takarda da sunana cikakke. Ya ce za su mayar da ita aiki in tana so. Na roƙi lambarta. Sau uku ina danna kira ina kashewa kafin na bari ya shiga.

Ta saurare ni har na gama. Ina kuka, ita ba ta yi ba.

"Na yafe, Puan," ta ce. "Ni na cire hular daga kan na'urar, kafin manaja ya shigo."

"Me ya sa ba ki faɗa masa ba, Mak Cik?"

"Baƙuwa ce ke. Kuma mijinki na tsaye. Jiya ne karo na farko da ba su zo ƙofata ba. Ki riƙa rufe taki kafin kiran sallah."

Ta koma aikinta a watan da ya biyo.

Ni kuwa kullum bayan magariba akwai ruwa a bakin ƙofarmu, a hawa na sha bakwai, har ranar da ba a yi ruwan sama ba. Mai shara ta taɓa cewa za ta riƙa goge min. Na ce ta bar shi. Ni nake durƙusawa in goge da hannuna.